Lambar P0012 a Corolla 2006: Yadda Muka Bi Sawun Baƙin Mai Har Muka Gano Ciwon Injin

Motar ta shigo garejinmu a Kano da hantsi, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ya kai intaha, har ƙarfen bonet ba ya taɓuwa da tafin hannu. Toyota Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Amurka da ta shigo ta Kwatano, mai injin 1ZZ-FE na lita 1.8 da giyar otomatik. Mai ita dattijo ne ɗan kasuwa, wanda kusan kowane mako yake zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna, kuma shi da kansa yake tuƙa abarsa. Bayan mun gaisa, sai ya buɗe but ya ɗauko wata baƙar leda ya ajiye a kan bencin aiki. A cikinta akwai fulogi huɗu, da sensar kamshaf guda ɗaya, da bawul ɗin sarrafa mai wanda makanikai ke kira solonoyid. Duk an cire su ne daga motar a cikin wata uku, an sa wasu a madadinsu, amma fitilar cek injin ba ta daina dawowa ba.

Ya ce da ni, "Malam, ni dai na gaji da sayen kaya. Motar nan a silo lafiya lau take, ko girgiza ba ta yi. Amma idan na hau titi na taka totur domin in wuce tirela, sai ta yi nauyi kamar an ɗaure ta da igiya ta baya, ga shan mai ya ƙaru."

Na ce masa, "Alhaji, ranka ya daɗe, ka ba ni yini guda, kuma ba zan sa ka sayi komai ba sai na nuna maka da idonka abin da ya lalace."

Da na jona na'urar bincike a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, irin wanda doka ta wajabta wa motocin Amurka tun daga 1996, lamba ɗaya tak ta fito, wato P0012. Ma'anarta ita ce kamshaf ɗin shaƙar iska ya tsaya a baya fiye da inda kwamfutar injin ta umarce shi ya kasance. Abin lura a nan shi ne, lambar ba ta ambaci solonoyid ba, ba ta ambaci sensa ba, ba ta kuma ce wani abu ya ƙone ba. Iyakar abin da kwamfutar ta faɗa shi ne ta ba da umarni, ba a cika shi ba. Wanda ya hana a cika umarnin kuwa, wannan aikin makanike ne ya nemo shi, kuma a nan ne aka yi ta ɓarnatar da kuɗin dattijon.

Yadda tsarin yake aiki

Domin mai karatu ya fahimci abin da ya biyo baya, wajibi ne in ɗan tsaya a kan yadda wannan tsari na canza lokacin buɗewar bawul yake. Karanshaf, wanda fistan ke juyawa, shi ke jan kamshaf ta hanyar sarƙar taimin, kuma duk juyi biyu na karanshaf juyi ɗaya ne na kamshaf. Kamshaf shi ke buɗe bawul-bawul ya rufe su. A tsofaffin injuna, lokacin buɗewa da rufewar a kafe yake, ba ya canzawa, alhali abin da injin ke buƙata a silo ya bambanta da abin da yake buƙata a kan gudu ko a hawan tudu. Kamfanin Alfa Romeo na Italiya ne ya fara sayar da mota mai tsarin canza lokacin bawul a 1980, Honda ta fito da VTEC a 1989, BMW ta kawo VANOS a 1992, ita kuwa Toyota ta shigo da VVT-i a tsakiyar shekarun 1990. Sunayen sun bambanta, ƙirar ma ba ɗaya ba ce, amma a yawancin motocin da ke hannun jama'armu abu ɗaya ne ke yin aikin, wato baƙin mai.

A injin 1ZZ-FE, kamshaf ɗin shaƙar iska ne kaɗai ke da wannan tsari. Giyar da ke kansa ba dunƙulallen ƙarfe ba ce. Gida ce mai ɗakuna, sarƙa na jan gidan ta waje, a ciki kuma akwai fikafikai da ke haɗe da kamshaf ɗin. Idan baƙin mai ya shiga ɗakunan ta gefe ɗaya, sai ya tura fikafikan gaba, bawul su riƙa buɗewa da wuri. Idan ya shiga ta ɗaya gefen, sai su koma baya. Tazarar da kamshaf ke iya matsawa ta kai kimanin digiri 40 a ma'aunin juyin karanshaf. Solonoyid shi ne mai gadin ƙofa, domin a cikinsa akwai wani ɗan sanda da ke matsawa gaba da baya gwargwadon wutar da kwamfuta ta aiko masa, yana karkatar da man zuwa gefen da ake so. Kafin man ya iso solonoyid kuwa, sai ya bi ta wata 'yar rariya siririya da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, wadda ke ɓoye a jikin tof silinda a bayan wani noti. Idan an kashe injin, akwai wata 'yar sakata a cikin giyar da ke kulle fikafikan a can baya, kuma matsin mai ne ke zare ta bayan an tayar. Kwamfuta tana gane inda kamshaf yake ne ta hanyar gwama saƙon sensar kamshaf da na sensar karanshaf.

Duk wanda ya riƙe wannan bayani zai ga cewa ƙorafin Alhaji ya riga ya nuna hanya. A silo, kamshaf a baya ya kamata ya zauna, saboda haka injin da kamshaf ɗinsa ya maƙale a baya zai yi silo mai kyau, sai an nemi ƙarfi a tsakiyar gudu sannan rauninsa ya bayyana. Da a gaba ya maƙale, lambar P0011 za mu gani, motar kuma ta riƙa karkarwa a silo ko ta mutu a danja. Da waya ce ta tsinke ko naɗin solonoyid ya ƙone, P0010 ce za ta fito. Da sarƙa ta tsallake haƙori ko ta saki sosai, mai yiwuwa mu ga P0016, wadda ke nuna saƙon sensa biyun bai dace da juna ba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma rashin fitowarsu ma shaida ce da ya kamata a yi aiki da ita.

Binciken farko

Kafin in goge lambar, na karanta bayanan da kwamfuta ta adana na daidai lokacin da ta kama laifin. Ruwan injin ya yi cikakken zafi, motar tana gudun babban titi, injin yana juyi sama da 2,500 a minti. Wato matsalar ba ta tashin safe ba ce, ta doguwar tafiya ce. Mutane da yawa suna goge lamba kafin su duba wannan shafi, kuma hakan kamar share sawun ɓarawo ne kafin a bi shi.

Daga nan na zaro gejin baƙin mai. Man bai yi ƙasa ba, amma ya yi baƙi ƙirin, da na murza shi tsakanin yatsa biyu na ji kauri da ɗan tsaki-tsaki. Na buɗe murfin zuba mai, wanda aka rubuta 5W-30 a kansa, na haska tocila ciki, sai na ga wata laka mai launin kwalta ta kwanta a lungunan ƙarfen. Na tambayi Alhaji irin man da ake zuba masa da kuma tazarar juye. Ya ce tun da aka ba shi shawara cewa tsohon injin sai mai kauri, 20W-50 ake zuba masa, daga duro ake auno shi, kuma yana yin juye duk bayan 10,000 a agogon motar. Na nuna masa cewa agogon motarsa da mil yake ƙirga, ba da kilomita ba, tunda 'yar Amurka ce. Mil 10,000 kuwa ya haura kilomita 16,000, alhali jadawalin da Toyota ta bai wa wannan mota a Amurka shi ne mil 5,000 ko wata shida. Shekaru yana ninka tazarar ba tare da ya sani ba, a ƙasar da ke da ƙurar hunturu da zafin da ke haura digiri 40. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ba wanda ya taɓa faɗa masa haka. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin ba shi kaɗai ba ne, kuma magana ce ta minti ɗaya da kowane mai juye zai iya yi wa mai mota.

Gwaji na gaba shi ne wanda na fi amincewa da shi a wannan tsari. Injin yana silo, ya yi zafi, sai a umarci solonoyid ta na'urar bincike ya buɗe gaba ɗaya. Idan komai lafiya, kamshaf zai zabura gaba a lokacin da bai kamata ba, injin ya yi karkarwa mai tsanani ko ya mutu nan take. Mutuwar injin a wannan gwaji albishir ce. Na danna, na ji ɗan ƙaras daga solonoyid, amma injin ya ci gaba da silonsa, sai wani ɗan sauyin sauti da sai an kasa kunne ake ji. Na maimaita sau uku, sakamakon bai canza ba.

Sai na cire solonoyid ɗin da ke jikin motar na auna shi da mita. Littafin gyaran Toyota ya ce naɗinsa ya kamata ya ba da tsakanin om 6.9 zuwa 7.9 a zafin digiri 20, wannan kuwa, bayan ya huce, yana cikin iyaka. Na jona masa wutar batir na ɗan lokaci, sandan ciki ya matsa, na cire wuta, sifirin ya mayar da shi ba tare da tangarɗa ba. Na ɗauko tsohon na cikin leda na yi masa irin wannan gwaji, shi ma lafiyarsa ƙalau, kuma shi ne na asali da motar ta zo da shi. Na kira Alhaji ya zo ya gani da idonsa, sandunan biyu suna motsi iri ɗaya. Tsohuwar sensar kamshaf ma ba ta da laifi, kuma tun farko bai kamata a zarge ta ba, domin ita ce ta kawo rahoton gaskiya cewa kamshaf bai matsa ba. An kori ɗan aike ne saboda saƙon da ya kawo bai yi daɗi ba.

Tunda wuta tana zuwa, ƙofa kuma tana buɗewa, saura tambaya ɗaya: shin man yana isowa ƙofar? Na sa yarona ya kwance notin da ke rufe 'yar rariyar, na zaro ta a hankali da ɗan filaya. Ba a iya gane cewa raga ce. Laka ta shafe ta ta bushe, da na ɗaga ta saitin rana haske bai ratsa ba sai ta wani ɗan gefe, a jikinta kuma akwai wasu 'yan ɓurɓushi masu launin toka waɗanda suke lanƙwashewa kamar roba idan an matsa su da farce. Gam ne, irin wanda ake shafawa a madadin gasket. Alhaji ya tuna cewa a bara an yi masa aikin yoyon mai a gaban injin, an cire murfin sarƙa da kwanon mai na ƙasan injin an mayar. Wannan injin da gam ake haɗa waɗannan sassa tun daga masana'anta, ba laifi ba ne amfani da shi, amma akwai ƙa'idar kaurin da ake shafawa. Idan aka lafta shi da yawa, abin da ya tsattsafo ta waje ana ganinsa, wanda ya tsattsafo ta ciki kuwa sai ya bushe ya riƙa ɓallewa yana faɗawa cikin mai.

Mai tambaya zai iya cewa, ina amfanin filtar mai idan har datti zai kai can sama? Amsar ita ce filta tana da wata ƙofar gefe da ke buɗewa idan takardarta ta toshe, ko idan man ya yi kauri da sanyin safiya, domin gara injin ya samu mai mai datti da ya rasa mai gaba ɗaya. Filtar da ta yi kilomita 16,000 tana fama da mai kauri ba za ta rasa buɗe wannan ƙofa ba.

Muka wanke 'yar rariyar har haske ya riƙa ratsa ta ko'ina, muka wanke ramin solonoyid, muka mayar da na asali tunda ya fi wanda aka sayo inganci. Na kuma cire murfin saman injin, na juya karanshaf da hannu zuwa makin sifiri, na tabbatar makin giyoyin kamshaf suna inda ya kamata, sarƙa ba ta tsallake ba. Muka yi juye da sabuwar filta da man 5W-30 na cikin galan rufaffe, kimanin lita huɗu. Da na sake gwajin umartar solonoyid a silo, injin ya yi wata jijjiga ya mutu. Muka zagaya da motar ta titin Zariya muka dawo, tana ja kamar ba ita ba, fitila ba ta kama ba. Alhaji ya yi godiya, ya sa albarka, ya tafi.

Dawowar motar

Bayan kwana goma sha biyu sai ga shi ya dawo. Ya ce a cikin gari motar ba ta da matsala ko kaɗan, amma a tafiyarsa ta Kaduna, yana wuce Kwanar Ɗangora da ke tsakanin Kano da Zariya ya fara jin nauyin nan yana dawowa, a kan hanyarsa ta komowa kuma fitilar ta kama. Ya ƙara da wani bayani da ya zama mabuɗin al'amarin, wato da ya tsaya salla da cin abinci a Zariya na kusan rabin awa, motar ta sake sakin jiki na wani lokaci kafin nauyin ya komo.

A nan dole in faɗi kuskurena. A karon farko na ga rariya a toshe, na ga gwaji ya yi kyau bayan wanki, sai na ɗauka an gama, ban auna matsin mai ba. Alhali gam ɗin da na gani a sama ya isa ya sa in tambayi kaina ina sauransa yake, tunda ba zai yiwu a ce 'yan ɓurɓushin nan ne kaɗai suka ɓalle ba. Na faɗa wa Alhaji haka ƙarara, na kuma ce ba zan karɓi kuɗin aikin wannan karo ba.

Lambar dai ita ce P0012. Na sake zaro 'yar rariyar, ta ɗan kama datti amma ba ta toshe ba, saboda haka ba ita ce ta hana ba a wannan karo. Sai na kwance sensar fitilar mai na ɗaura geji a gurbinta. Ƙa'idar wannan injin, idan ya yi zafi, ita ce matsin mai ya kai aƙalla kilo 0.3 a kan kowane murabba'in santimita a silo, a juyi 3,000 kuma ya kasance tsakanin 3.0 zuwa 5.5. Da farko allurar ta nuna abin da ba shi da aibu, a silo tana sama da ƙa'ida sosai, a 3,000 kuma tana bakin 3. Da na tsaya a nan, da na sake sallamar motar da ciwonta. Amma maganar hutun Zariya tana raina, sai na sa yaro ya riƙe totur a 3,000 na tsawon lokaci, muna lura da zafin ruwa, idona a kan allura. A hankali ta fara sauka, ta bar 3, ta zo 2.5, har ta kusa 2, tana 'yar rawa. Da aka ƙara totur, maimakon ta hau, sai ta ƙara yin ƙasa. Muka kashe injin na minti goma sha biyar, muka tayar, allurar ta koma sama kamar ba abin da ya faru.

Wannan hali na allura yana da fassara, kuma ya kamata a bambance shi da wani da ke kama da shi. Idan metal ne, wato zobban ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsu, suka cinye, ko famfon mai ya gaji, matsin ya fi faɗuwa a silo idan injin ya yi zafi, sannan ya ɗan farfaɗo idan an taka totur, kuma hutun minti kaɗan ba ya warkar da shi. Amma idan matsi yana da kyau a silo, yana raguwa yayin da ake neman mai da yawa, yana kuma dawowa bayan an huta, to famfon lafiyarsa lau, abin da zai zuƙa ne yake gagararsa. A ƙasan injin, cikin kwanon mai, akwai bututun da famfo ke zuƙa ta cikinsa, a bakinsa kuma akwai babbar rariya. Yayin doguwar tafiya, tarkacen da ke yawo a kwano yana taruwa a fuskar rariyar yana manne mata saboda ƙarfin zuƙa, idan aka kashe injin sai wani sashe nasa ya saki ya koma ƙasa. Fitilar mai ta kan allo ba ta taɓa kamawa ba, domin ita ba ta kunnuwa sai matsi ya kusa ƙarewa ɗungurungum. Giyar kamshaf kuwa tana can ƙarshen layi a saman injin, kuma tana buƙatar matsi mai ƙarfi kafin ta motsa, shi ya sa ita ce ta fara kokawa.

Muka zubar da man, muka sauke kwanon. Abin da ke ciki ya sa yaran gareji suka taru suna kallo. Zare-zaren gam, wasu sun kai tsawon ɗan yatsa, sun naɗe a bakin rariyar kamar taliya, tsakaninsu kuma busasshiyar laka ta cike gurabe, har fiye da rabin fuskar ragar ya rufe. A gefen kwanon ta ciki ana ganin inda gam ɗin ya tsattsafo ya yi leɓe, da guraben da ya riga ya ɓalle. Ina kyautata zaton sabon man da muka zuba, da yake yana da sinadarin wanki mai ƙarfi, ya ƙara kwance wata lakar ya sauko da ita, ta haɗu da gam ɗin da ya daɗe a wurin. Saboda irin wannan ne ba na yarda a zuba wa injin mai laka kananzir ko gas ko maganin wanki mai zafi a bar shi yana aiki, kamar yadda wasu ke yi, domin dattin da aka tayar gaba ɗaya ba shi da wurin zuwa sai bakin wannan rariya.

Na kira Alhaji a waya na ce ya zo ya gani kafin mu wanke. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon kwanon, ya ɗauki zare ɗaya ya ja shi yana miƙewa, sannan ya ce, "Ashe wannan ne ya ci min kuɗin solonoyid da sensa." Na ce masa, "Alhaji, ka gode wa Allah da fitilar nan ta dame ka. Da ba ta kama ba, man da ya kasa tura kamshaf wata rana zai kasa isa ga metal, kuma a kan titi injin zai buga."

Muka cire bututun muka wanke shi ciki da waje, muka sa masa sabon gasket da muka samo a kasuwar Ƙofar Ruwa, muka kankare tsohon gam daga kwanon da jikin injin har ƙarfe ya fito fes, sannan muka shafa sabo siriri, layi ɗaya ba yankewa, muka ɗaure, muka bar shi ya kama kafin a zuba mai. Da muka maimaita gwajin geji, a juyi 3,000 allurar ta tsaya daf da 4, ta kuma zauna a wurin duk tsawon lokacin da muka riƙe totur.

Akwai abu ɗaya da na bari ban taɓa ba, wato giyar kamshaf ɗin kanta. Da 'yar sakatarta ta cinye, da za a riƙa jin wata ƙara kamar ta zubar tsakuwa a gwangwani na daƙiƙa ɗaya ko biyu idan an tayar da injin da safe. Na sa motar ta kwana a gareji, na tayar da ita da kaina bayan asuba, ban ji komai ba. Da fikafikanta sun maƙale da laka, da gwajin silo bai kashe injin ba. Tunda ta ci waɗannan gwaje-gwaje biyu, ban ga dalilin sa dattijo ya sayi giya mai tsada a kwance masa sarƙa ba, duk da cewa wani ya riga ya faɗa masa ita ce mataki na gaba.

Game da mai kauri, ba zan ɗora masa laifin duka ba. Motoci da yawa suna yawo da 20W-50 a garuruwanmu ba tare da wannan lamba ta fito ba. Abin da na yi imani da shi shi ne, hanyoyin man wannan tsari sirara ne, an ƙera su ne domin man da aka rubuta a murfi, kuma mai kauri wanda ba a san asalinsa ba, idan ya haɗu da doguwar tazarar juye, yana gaggauta taruwar laka da buɗewar ƙofar gefen filta. Gam ɗin da aka lafta shi ne ya ƙarasa aikin.

A wannan karo ban sallami motar da zagayen cikin gari ba. Na zauna a kujerar gaba da na'urar bincike a cinyata, yarona yana tuƙi, muka miƙa titin Zariya har muka wuce Kwanar Ɗangora muka juyo, ina kallon inda kwamfuta ke son kamshaf ya kasance da yadda injin ke amsawa a kowane taka totur. Lamba ba ta fito ba, har a jerin waɗanda ke jiran tabbaci. Na rubuta wa Alhaji a takarda cewa ya dawo juye bayan mil 1,000 a agogonsa, sannan sau biyu a jere bayan mil 2,000, domin sauran lakar ta fita sannu a hankali, daga nan kuma kada ya wuce mil 3,000 saboda yanayin ƙura da zafin da motar ke aiki a ciki. Na manna masa wata 'yar takarda a gefen agogon da ke tuna masa cewa mil ne. A juyen farko na sake zaro 'yar rariyar sama, na tarar da ɗan datti kaɗan na wanke, a na biyu kuwa na ɗaga ta saitin rana haske ya ratsa ta ko'ina. Solonoyid ɗin da aka sayo masa da tsohuwar sensar suna nan a ledarsu cikin but, ya ce zai ajiye su ko wata rana wani ɗan'uwa ya buƙata.